Ranar da na tsoma ƙanena cikin firiza

Shekarun baya, tun kafin in fara wannan rubuce-rubucen da kuke bibiya, na yi wani abu a tsakar gidan mahaifiyata wanda har yau akwai waɗanda ba su gama yafe mini ba a danginmu. Kwanan nan wata ta sake tayar da zancen a gidan biki, tana yi tana kallona ta gefen ido. Shi ya sa na ce bari in ba da labarin da bakina.

A lokacin sana'ata ƙanƙara da folere, wato abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira zoɓo. A gidanmu na unguwar Briqueterie, a nan Yaoundé, nake aikin, don gidan mijina ko wurin ajiye bokiti babu. In na sallami yara makaranta sai in taho, in dafa, in ƙulla a leda, in jera a firiza, masu sari su zo su kwasa su yi kasuwar Mokolo da shi. Ba na komawa sai bayan la'asar. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Wansa, wanda muke kira Baffa, shi ke riƙe da gidan, ɗakinsa na nan kusa da zaure. Kada ku ɗauka mugu ne. Shi ya aurar da ni, shi ya tsaya wa ƙannena har suka yi karatu. Sai dai in ya ce a'a, to a gidan nan an rufe zance, ko Inna ba ta ƙarawa.

A shekarar ne aka auna ni a asibiti aka ce jinina na hawa, in ban motsa jiki ba zan dawwama a kan ƙwayar magani. Ni kuwa Allah Ya hore mini jiki. Duk gidanmu haka muke, in mun shiga tasi sai direba ya leƙo ya duba taya. Sai na shiga wata ƙungiyar masu motsa jiki da ke haɗuwa kowace Lahadi da sassafe, mu bi ta Tsinga mu hau tudu mu sauko. Na ce "mu hau" ne don rufin asiri. Su suke hawa, ni ina can baya ina jan ƙafa, cikin hijabi da burgujejen wando da takalmin mijina, ina huci ana jina daga nesa. Unguwa ta samu abin yi. "Matar aure da gudu a titi, wa ya biyo ta?" Na ji, na toshe kunne, na ci gaba da abina.

A ƙungiyar akwai wata likita, 'yar arewa ce, Hausarta da ɗan karin Fillanci, in ta ƙure mata sai ta zarce Faransanci. Ita ma ba gwanar sauri ba ce, don haka kullum tare muke a ƙarshen layi, har muka zama ƙawaye. Wata Lahadi wani mutum ya zo sanye da rigar ruwa, irin mai santsin nan, ya zuge ta har wuya, wai yana so kitse ya narke. Ƙawata ta tsayar da tafiyar gaba ɗaya, ta ce ko ya cire ko ya koma gida. Da muka ci gaba na ce mata, "Dokta, kin kunyata bawan Allah. Ba an ce gumi kitse ne ke fita ba?"

Ta ce, "Gumi ruwa ne da gishiri, ƙawata. Kina shan ruwa ya dawo."

Muna tafe tana mini bayani, tana yi tana tsayawa jan numfashi. Ta ce in mutum na gudu, naman jikinsa wuta yake hurawa a ciki. Jini ne ke kwaso zafin ya kawo shi fata, sai gumi ya fito. Amma ba fitowar gumin ke sanyaya jiki ba, bushewarsa ce. In iska ta busar da shi sai ta tafi da zafin, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa don bayanta na tsattsafo. In kuwa aka rufe fata da leda, gumi zai yi ta zuba a banza, zafi na taruwa a ciki, ruwan jiki na ƙarewa, zuciya na wahala. In abin ya yi nisa, ƙwaƙwalwa ce ke fara taɓuwa. Mutum ya fara tangaɗi, ya yi ta sambatu, ya nemi faɗa da kowa, sannan ya faɗi.

Na ce, "To in ya faɗi fa?"

"Ruwan sanyi. Mafi sanyin da kika samu. Ki tsoma shi har wuya, kansa a waje, nan take, a wurin da ya faɗi. Bayan nan asibiti. Kada ki ce sai kin nemo mota tukuna, a hanya abin zai ƙarasa shi. Kada ki ɗura masa komai a baki in ba ya cikin hayyacinsa. Kuma ba zazzaɓi ba ne, maganin zazzaɓi ba ya taɓa shi. In hankalinsa ya dawo ya fara karkarwa, sai ki fitar da shi, don sanyin ma in ya wuce kima illa ne."

Na ce, "Mu fa tun muna yara aka ce mana ruwan sanyi a kan jiki mai zafi shanyewar jiki yake kawowa."

Ta ce, "Na sani, kakata ma haka ta ce. Mai lafiya in ya faɗa kogi mai sanyi kwatsam, numfashi na iya ƙwace masa ya shaƙi ruwa. Mai ciwon zuciya ma haɗari ne gare shi. Amma wanda zafi ya kayar daban ne. Shi wuta ce ke cinsa, kashe ta za ki yi."

Na saurara ne kawai irin sauraron hirar hanya. Hankalina a lokacin yana kan yadda zan kai ƙarshen tudun ban zauna a ƙasa ba.

Ƙanena shi ne autan Inna. Ya gama makaranta yana zaman jiran aiki, kuma burinsa ɗaya a duniya, ya sa kaki. Shekarar da ta gabata ya shiga konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, ya ci rubutu, gudu ya kayar da shi. Wannan karon ne na ƙarshe, don shekarunsa na gab da wuce ƙa'ida. Na ce ya zo mu riƙa fita tare ran Lahadi. Ya dube ni ya kwashe da dariya. "Yaya, ni da tsofaffi? Ku da kuke tafiya kamar masu rakiyar amarya?"

Wani ya gaya masa da rana tsaka ake gwajin, sai ya ce da rana tsaka zai saba. Wani kuma ya ba shi dabarar leda. Ranar da na gan shi yana naɗa baƙar leda a cikinsa kafin ya ɗora rigar ruwa, na zaunar da shi na maimaita masa duk abin da ƙawata ta ce. Ya ce, "To Dokta, na ji." Ya fice. Na kai ƙara wurin Baffa. Baffa ya ce, "Namiji ne, bar shi ya sha wuya. Ke da kike gudu a titi wa ya hana ki?"

Ranar da abin ya faru ƙarshen rani ne, lokacin da hadari ke haɗuwa kullum ya ƙi zubarwa. Wanda ya san Yaoundé ya san wannan zafin. Ba ƙuna ba ce irin ta arewa, nauyi ne. Iska ta tsaya cak, gumi ya kwanta a jiki ya ƙi bushewa. Ana gab da kiran azahar, ina tsugune ina ƙulla folere, sai na ji hayaniya a zaure. Maƙwabcinmu tela da mai naman da ke gashi a bakin layinmu ne suka shigo ɗauke da ƙanena, ɗaya ta kafaɗa ɗaya ta ƙafa. Suka ce sun hango shi yana tahowa yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, ya wuce ƙofar gida, ya dawo, sannan ya zube a bakin kwata.

Suka shimfiɗe shi a tsakar gida. Idonsa a buɗe amma ba ya ganinmu. Yana ta zagin wani da Faransanci, yana kai wa iska naushi. Na zuge rigar, na yaga ledar da haƙorina, ruwa ya kwararo kamar an fasa jarka. Na ɗora tafin hannuna a ƙirjinsa. Na yi jinyar yara masu zazzaɓi ba iyaka, amma wallahi ban taɓa jin fatar ɗan Adam haka ba. Kamar na taɓa dutsen guga.

Inna ta fito da gudu ko ɗankwali babu. "Innalillahi! Iska ce! Ya bi ta inda bai kamata ba da tsakar rana!" Ta durƙusa tana tofa masa addu'a. Baffa ya iso da sandarsa, ya duba, ya ce a kawo bargo a lulluɓe shi kada sanyi ya shige shi da gumi a jiki, tela kuma ya je ya nemo tasi. Tela ya ce zai je, amma a wannan lokacin hanya a cushe take, ko an samu mota sai an yi haƙuri.

Na ciro waya na kira ƙawata likita. Ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba. Na sake kira. Shiru.

A gefen rijiyar da ta ƙafe akwai wata tsohuwar firizata, babba, wadda injinta ya mutu. Da yake famfo kan yi kwanaki bai kawo ruwa ba, sai muka mayar da ita ma'ajiyar ruwa. Ranar ruwan ya kai kusan rabi. A ɗaki kuma ga firiza mai aiki, maƙare da ƙanƙarar da zan sayar. Na dubi wannan, na dubi waccan, na dubi ƙanena da ya fara kakkafewa.

Na ce, "Baffa, ba bargo yake so ba. Zafi ne ya kayar da shi. Ruwan sanyi za a sa shi."

Baffa ya dube ni kamar ya ga mahaukaciya. "Ruwan me?"

"Ruwan ƙanƙara, Baffa. Yanzun nan."

Ya ce, "Ke, kina cikin hankalinki? Da idona na ga abokina muna samari, mun sauke kayan mota jikinmu na tururi, ya faɗa kogi. Gawarsa aka tsamo. Ba za a kashe mini ɗan ƙanena ina tsaye ba. Na ce a kawo bargo!"

Ku sani, ba ƙarya yake ba. Labarin abokin nan tun muna yara muke jinsa. Tsoron Baffa na gaskiya ne. Amma hannuna na kan ƙirjin yaron, ni na san abin da nake ji.

Na shiga ɗaki na ciko baho da ƙanƙara na juye a tsohuwar firizar. Na koma na sake cikowa. Da ƙanƙarar ta ƙare na kwaso folere da ya daskare, duk na zuba. Sannan na zo na sa hannuwana a hammatar ƙanena na fara jansa a ƙasa. Na gaya muku gidanmu ba ƙananan mutane ba ne. Na ja, na ja, ko taku biyu ban yi ba.

Na ce wa tela, "Malam, kama mini." Ya dubi Baffa, ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, a shagon Baffa yake haya. Na juya ga mai nama. Shi baƙo ne a unguwar, daga arewa ya zo, ba ya cin na kowa a gidanmu.

Ya ce, "Hajiya, kin tabbata?"

Na ce, "Ban tabbata ba. Ɗauki ƙafafunsa."

Ya ɗauka. Muna isa bakin firizar Baffa ya sha gabanmu, ya gitta sandarsa a kai. Mutumin da tun da aka haife ni ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Mutumin da in yana magana ba na ɗaga ido. Na ji bakina ya ce, "Baffa, matsa."

Matan maƙwabta da suka cika zaure suka zuba mana ido.

Ya ce, "Ni kike ce wa in matsa?"

Na ce, "Kai nake ce wa, Baffa. In na gama ka dake ni da sandar nan, ba zan gudu ba. Amma yanzu matsa."

Bai matsa ba. Na sa kafaɗa na ture sandar, ta faɗi ƙasa. Muka ɗaga ƙanena muka zaunar da shi a ciki, gwiwoyinsa a lanƙwashe, ruwa ya taso masa har wuya. Ya yi wata ƙara, ya fara fizge-fizge, ya buge ni a leɓe har ya fashe. Na durƙusa a bayansa daga waje, na zura hannuwana cikin ruwan har kafaɗa, na rungume shi ta hammata don kada kansa ya nutse.

Inna ta taso kaina tana dukan bayana. "Kin sa mini ɗa a akwatin gawa tun yana numfashi! Fitar da shi! Na ce ki fitar da shi!" Da ta ga ban motsa ba sai ta daina dukan. Ta tsaya a gabana, ta dube ni cikin ido, ta ce a hankali, "In yaron nan ya mutu a hannunki, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san nauyin wannan magana. Na ji ta har cikin ƙashina. Na ce, "Na ji, Inna." Na ce wa mai nama, "Sa hannu ka riƙa juya ruwan, kada wanda ke jikinsa ya ɗumame."

Kamar wannan bai isa ba, fizge-fizgensa ya farfasa ledojin folere, ruwan ya rine ya koma jawur. Wata mata daga zaure ta leƙo ta ƙwalla ihu, "Jini! Jini yake fitarwa!" Kafin ka ce me, labari ya kai bakin titi cewa 'yar gidan ta haukace ta yanka ƙaninta ta sa a firiza. Daga baya na ji har a unguwar Messa an ba da labarin, kuma a can wai gunduwa-gunduwa na yi da shi.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na dai san an kira salla an tayar, ba wanda ya tafi. Abin da na fi tunawa hannuwana ne. Da farko kamar ana caka mini allurai, sannan zugi ya hau har kafaɗa, daga nan na daina jin yatsuna gaba ɗaya. Na ɗago hannu ɗaya na gani, tafin ya yi fari ya yamutse. Ga rana na dukan bayana, gumi na shiga mini ido, amma haƙorana na haɗuwa kaf-kaf. Jikina ni mai lafiya ya ji sanyi ya janye jini daga fata ya ɓoye a ciki, ya fara karkarwa don ya samar wa kansa ɗumi. Shi kuwa da ke zaune tsundum a ciki ko tsikar jikinsa ba ta tashi ba. Ƙanƙarar da ke taɓa ƙirjinsa narkewa take ina kallo.

Sai ya daina fizge-fizge. Kansa ya langaɓe a kan damtsena, idonsa ya rufe.

Wannan ne wurin da ban cika son tunawa ba. Inna ta zube ƙasa. Baffa ya ce, "Shi ke nan, kin huta." A raina na ce, ke wace ce? Mai sayar da folere, wadda ta ji zance a bakin hanya tana haki. In ƙawar taki ba haka take nufi ba fa? In kin ji rabi kin bar rabi fa? Na kai kuncina kusa da hancinsa. Yana numfashi, da sauri, amma yana yi. Mai nama ya ce, "Hajiya, mu fitar da shi?" Na taɓa wuyansa da goshina, don hannuna ba ya jin komai. Har yanzu da zafi.

Na ce, "A'a. Ci gaba da juyawa."

Ina faɗa ina kuka, majina da jinin leɓena duk sun haɗu. Ba wata jaruma a wurin. Taurin kai ne kawai ya rage mini, da shi na riƙe.

Can sai na ji kafaɗarsa ta motsa a ƙirjina. Ta sake motsawa. Sai karkarwa ta kama shi, ƙarama da farko, sannan har firizar na girgiza. Ya buɗe ido, kuma wannan karon akwai mutum a cikin idon. Ya dubi jan ruwan, ya dubi taron da ke kansa, ya ce da wata siririyar murya, "Sanyi."

Na ce, "Wace ce ni?"

Ya ɗan juyo. "Yaya."

"Ina ne nan?"

"Gida mana. Yaya, me na yi miki?"

Mai nama ya fashe da dariya yana share ido da bayan hannu. Muka fito da shi, muka goge shi, na ce to yanzu a kawo zane mara nauyi a rufa masa. Daidai lokacin tela, wanda ya zame ya fita tun ana rigima, ya dawo da tasi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga nan komai ya zama daidai ba. A asibiti aka sa masa ruwa, fitsarinsa ya fito baƙi kamar shayin da aka manta a wuta. Aka ce zafin ya taɓa naman jikinsa da ƙodarsa. Ya kwanta ya daɗe, aka hana shi gudu na wani lokaci mai tsawo. Konkur ya zo ya wuce yana kan gado. Kakin da yake mafarki bai sa ba har yau, kuma ya yi watanni ba ya son magana da kowa, har da ni. Likitan da ya karɓe mu ya tambayi wa ya sa shi a ruwa. Aka nuna ni, kamar ana nuna ɓarauniya. Ya ce da an tsaya jiran mota da zafin nan a jikinsa, bai san abin da zai tarar ba. Ƙawata kuwa ashe tana ɗakin aiki wayarta na jaka. Da ta kira na gaya mata, sai ta ce, "A firiza? Kai, ƙawata!"

Amma maganar likita ba ta shiga gidanmu ba. A wurin wasu dangi, sanyin ne ya lalata masa ƙoda, ni na hana shi aiki. Baffa ya daina amsa gaisuwata. In na durƙusa a ƙofarsa da safe sai ya ƙara muryar rediyo.

Ita Inna ba ta ce mini komai ba a kan maganar da ta yi. Kwana biyu bayan abin, muna zaune a barandar asibiti, ta lura ba na iya riƙe kofi sosai, yatsuna na zugi. Ta ciro man kaɗanya daga jakarta, ta kamo hannuna ta ɗora a cinyarta, ta shiga murzawa yatsa bayan yatsa. Ba ta dube ni ba. Da ta gama ɗaya ta ce, "Kawo ɗayan." Na miƙa mata. Mun gama maganar a haka.

Da abin Baffa ya yi tsawo, mijina ya ce in je in ba da haƙuri a wuce wurin. Na shirya na je, na tarar da shi da ƙannensa biyu. Na cire takalmi na durƙusa. Na ce, "Baffa, na zo ban haƙuri. Na ɗaga maka murya a gaban mutane, na ture sandarka. Kai ubana ne, ban kyauta ba, ka yafe mini."

Ya gyaɗa kai. "Sai kuma me?"

"Shi ke nan, Baffa."

"Ruwan fa? Na hana, kin yi."

Na ce, "Ruwan kam ba zan ba da haƙuri ba. In na ce na yi nadama na yi maka ƙarya, kuma kai ka hana mu ƙarya."

Ɗaya daga cikin ƙannensa ya ce, "Ke, ba ki da kunya?" Baffa ya ɗaga masa hannu. Ya ce mini, "Kina ganin ke kika raya shi? Kwanansa ne bai ƙare ba."

Na ce, "Haka ne, Baffa. Allah ne Ya raya shi. Kuma Shi ne Ya sa ƙanƙara a ɗakina ranar."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Tashi ki tafi." Washegari na gaishe shi ya amsa, a taƙaice. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa cewa na yi kuskure ba. A haka muka ci gaba da zama, yana sa mini albarka ran salla, ina kai masa kunu da azumi.

Na san wasunku za su rubuto mini cewa babba babba ne. Na yarda. Har gobe ba na gaishe da Baffa a tsaye. Amma ranar na gane cewa ladabin da aka koya mini yana da iyaka, kuma iyakarsa ran mutum. Da na yi biyayya na kawo bargo, kowa zai ce ni 'yar kirki ce, a zo mini ta'aziyya a yaba tarbiyyata. Ban so wannan yabon ba, har yanzu ba na sonsa. Abin da ke ba ni tsoro in na tuna shi ne yadda kowa a tsakar gidan nan son yaron yake. Inna sonsa take, Baffa sonsa yake, kuma da son nasu za su lulluɓe shi ya ƙarasa. Don haka in kun ga wanda ya faɗi wurin gudu ko ƙwallo cikin zafi, jikinsa kamar wuta, yana maganar da ba kai, ku cire masa kaya, ku sa shi a ruwan sanyi, ku riƙe kansa a sama, wani ya nemo mota. Wanda zai yi fushi ya yi, kwa shirya daga baya.

Ƙanena ya warke. Yana sayar da kayan wuta yanzu, ya yi aure. Da matarsa ta haifi 'yarsu ta fari sai ya ce sunana za a sa mata, kuma Baffa ne babba, shi zai raɗa. Ranar suna, da aka watse daga wurin maza Baffa ya shigo cikin gida, aka miƙa masa jaririyar. Ya tofa mata addu'a, ya ɗago ya hango ni cikin mata ina rabon abinci. Ya ce, yadda kowa zai ji, "Allah Ya raya ta. Allah Ya sa kada ta ɗauko taurin kan mai sunan."

Mata suka amsa da amin suna dariya. Na bari sai da suka gama. Na ajiye ludayi, na ɗan rusuna, na ce, "Allah Ya sa ta ɗauko, Baffa."